Jirgin Nelson a Cikin Kwalba: Yadda Yinka Shonibare Ya Kai Atamfa Dandalin Trafalgar

A ranar 24 ga Mayu 2010 aka yaye lulluɓin wata ƙatuwar kwalba a Dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan. Tsawonta ya kai kimanin mita 4.7, faɗinta kuma mita 2.8, tana kwance a kan dakalin dutse. A cikinta akwai samfurin jirgin yaƙin ruwa HMS Victory, wanda Admiral Horatio Nelson ya mutu a cikinsa a 1805. Kusan komai na jirgin an ƙera shi yadda masu tarihi suka san shi, babban bambancin abu guda ne: filafilansa 37, wato ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgin, ba farare ba ne. Zanen atamfa ne a jikinsu, irin wanda kowace mace a Legas ko Kano ko Akara za ta gane da kallo ɗaya. Mai aikin shi ne Yinka Shonibare, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka ɗora aikinsa a wannan wuri.

Wannan nazari zai bi aikin tun daga wurin da aka ajiye shi, da kayan da aka yi shi da su, da matsalolin da ƙera shi ya zo da su, har zuwa inda ya yi nasara da inda ya gaza.

Dakalin da ya shekara fiye da 150 babu kowa a kai

Dandalin Trafalgar filin tunawa da yaƙi ne. A ranar 21 ga Oktoba 1805 jiragen Birtaniya 27 suka kara da jiragen Faransa da Sifaniya 33 kusa da wurin da ake kira Trafalgar a gaɓar Sifaniya, Birtaniya ta yi galaba, Nelson kuma ya rasa ransa. Wannan galaba ce ta bar wa Birtaniya teku har kusan shekara ɗari ba mai ja da ita, kuma ta tekun nan ne kayan masaƙun Lancashire, da bindigogi, da jami'an mulkin mallaka suka riƙa isa Indiya da Afirka. Shi ya sa aka kafa wa Nelson ginshiƙi mai tsayin kimanin mita 52 a tsakiyar filin.

A kusurwoyi huɗu na filin akwai dakali huɗu. Ɗaya na Sarki George na Huɗu ne. Biyu na janar-janar ne da suka yi suna a Indiya: Charles Napier, wanda ya ci yankin Sindh a 1843, da Henry Havelock, wanda ya yi yaƙin murƙushe boren 1857. Na huɗun an gina shi a 1841 don mutum-mutumin Sarki William na Huɗu a kan doki, sai kuɗi suka ƙare, aka bar shi fayau. Sai a 1999 aka fara ɗora masa ayyukan fasahar zamani, kowane aiki ya yi wa'adinsa a sauke shi. Daga baya ofishin Magajin Garin Landan ya karɓi ragamar, da kwamitin da ke tace masu nema.

A zagayen da Shonibare ya shiga, mutum shida aka tace: shi, da Antony Gormley, da Anish Kapoor, da Tracey Emin, da Jeremy Deller, da mai fasahar da ke aiki da sunan Bob and Roberta Smith. Kowa ya kawo ƙaramin samfuri, aka baje su a National Gallery, gidan zane-zane na ƙasa da ke gefen dandalin, a farkon 2008 don jama'a su gani su tofa albarkacin bakinsu. Aka zaɓi biyu, Gormley ya fara a 2009, Shonibare ya biyo baya. Cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin har da bankin Guaranty Trust na Najeriya. Abin da ya bambanta shawararsa da duk waɗanda suka gabace shi a dakalin shi ne, shi kaɗai ya juyo ya fuskanci tarihin filin kansa.

Mai aikin

An haifi Shonibare a Landan a 1962, iyayensa Yarbawa. Yana da shekara 3 aka koma da shi Legas, can ya tashi, sannan ya dawo Ingila yana matashi. Bai daɗe da dawowa ba ya kamu da ciwon kumburin laka, wanda ya shanye masa ɓarin jiki, kuma yau da keken guragu mai lantarki yake yawo. Wannan ya shafi tsarin aikinsa kai tsaye: shi ke zana tunanin ya tsara, sannan teloli, masassaƙa, maƙera da masu ɗaukar hoto su aiwatar a ƙarƙashin idonsa. Ya yi karatu a makarantar Byam Shaw da kwalejin Goldsmiths, ya kai matakin ƙarshe na gasar Turner, babbar gasar masu fasaha ta Birtaniya, a 2004.

Ya sha ba da labarin abin da ya kai shi ga atamfa. Yana ɗalibi yana yin ayyuka kan sauye-sauyen siyasar Tarayyar Sobiyet, sai wani malaminsa ya tambaye shi dalilin da ba ya yin fasahar Afirka ta asali. Tambayar ta tura shi kasuwar Brixton a kudancin Landan, inda 'yan Afirka ke sayen yadi. Da ya bi diddigin atamfar da kowa ke ɗauka ita ce tambarin Afirka, sai ya tarar ba a Afirka aka haife ta ba.

Asalin ƙyallen

Nan ne zuciyar lamarin take, don haka sai an ɗan daɗe a kai. A tsibirin Java na Indunisiya akwai tsohuwar sana'ar batik. Mai yi na narka kaki, ta zuba shi a wani ɗan ƙoƙon jan ƙarfe mai siririn baki, ta zana ado a kan farin yadi. Idan aka tsoma yadin a rini, inda kaki ya rufe ba ya kama launi. Sai a tafasa a cire kakin, a sake rufe wani wuri, a sake tsomawa a wani launin. Zane ɗaya mai kyau kan ci makonni ko watanni.

Holan ce ke mulkin Java a ƙarni na 19, kuma masu masaƙunta a Haarlem da Helmond suka nemi yin irinsa da inji don su sayar wa mutanen Java da araha. Kamfanin da yau ake kira Vlisco an kafa shi a Helmond a 1846. Tsarin injin kuwa shi ne: a sassaƙa adon a jikin rola biyu na jan ƙarfe, su buga narkakken ƙaro a fuska biyu na yadin auduga lokaci guda. A tsoma a rini, galibi shuɗi irin na baba. A murza yadin a wanke wani kaso na ƙaron, a bar wani. Sannan a buga sauran launukan ɗaya bayan ɗaya, a da da hatimin katako da hannu. A ƙarshe a wanke ƙaron gaba ɗaya.

Tsarin na da aibi guda biyu. Ƙaro idan ya bushe yakan tsage, rini ya bi tsagar ya bar siraran jijiyoyi a jikin yadin. Kuma launin da aka buga daga baya ba ya zama daidai kan layin na farko, yakan ɗan zarce. Mutanen Java sun ga wannan a matsayin lalataccen aiki, suka ƙi saye. A Gaɓar Zinariya, wato Ghana ta yau, aka karɓe shi hannu bibbiyu, har jijiyoyin suka zama shaidar cewa atamfar ta gaske ce. Ana danganta buɗe wannan kasuwa da wani ɗan kasuwar Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, a ƙarshen ƙarni na 19. Ana kuma ambaton sojojin da Holan ta ɗiba daga Elmina, a Gaɓar Zinariya, tsakanin 1831 da 1872 ta kai Java, cewa waɗanda suka dawo sun zo da batik. Masaƙun Manchester su ma suka shiga cinikin.

Daga nan matan kasuwa suka karɓi ragama. Su ke faɗa wa wakilan kamfani launin da zai tafi da wanda ba zai tafi ba, su ke raɗa wa kowane zane suna, kuma zanen da bai samu suna ba yakan mutu a kanti. A Lome har aka yi attajiran mata da ake kira Nana Benz saboda motocin da ribar atamfa ta saya musu. A ƙasar Hausa ba sai an yi dogon bayani ba: turmi na yadi shida, da Super da Holan da Ingila a saman akwatin lefe, da ankon biki. An kuma yi zamanin da ake buga atamfa a gida, lokacin da masaƙun Kaduna irin su UNTL ke ɗaukar dubban ma'aikata, kafin su durƙushe kayan Sin su cika Kantin Kwari.

To ƙyalle ne da dabararsa ta Indunisiya ce, injinsa na Turai, sunansa da martabarsa na Afirka, yau kuma mafi yawansa daga Sin yake fitowa. Shonibare bai ɗauki wannan abin kunya ba. A wurinsa hakan ne ainihin yadda al'ada take, kuma hakan rayuwarsa take, yaron da ke Yarbanci a gida yana Turanci a makaranta.

Yadda aka ƙera shi, da abin da ke iya lalacewa

Ma'aunin jirgin ɗaya bisa talatin ne. Victory na gaske, wanda aka ƙaddamar a 1765 kuma har yau yana ajiye a Portsmouth, tsawon gangar jikinsa kusan mita 69 ne, babban jigonsa kuma, wato doguwar sandar da ke riƙe filafilai, ya haura mita 60 daga saman ruwa. A raba da 30, za a samu jiki mai kimanin mita 2.3 da jigo mai kusan mita 2, ban da sandar da ke miƙewa daga goshin jirgin. Wannan lissafi ne ya tilasta faɗin kwalbar, domin jigo na buƙatar sarari a sama, ga kuma tekun roba da aka zuba a ƙasa. An yi wa samfurin ƙananan igogi 80, jirgin asali kuwa 104 gare shi. Kayan aikin sun haɗa da katako, ƙarfe, tagulla, ƙaro, da zaren lilin na igiyoyin. Nauyin duka ya kai kimanin tan 4.

Ƙaramin jirgin cikin kwalba irin wanda matuƙa ke yi don nishaɗi dabararsa sananniya ce. Ana yi wa jigogin maƙala a gindi, a kwantar da su, a zura jirgin ta bakin kwalba, sannan a ja zare su miƙe, a yanke zaren a toshe. A girman mita biyar wannan dabara ba ta isa, domin kowace igiya sai an ɗaure ta da ƙarfin da za ta riƙe filafili wata da watanni ba ta saki ba, kuma dole a bar hanyar da ma'aikaci zai kai hannu ciki idan wani abu ya tsinke.

Kwalbar ba gilashi ba ce, robar akirilik ce. Dalilan a fili suke. Nauyin akirilik bai kai rabin na gilashi ba, yana barin haske ya ratsa kusan kashi 92 cikin ɗari, kuma idan ya fashe ba ya tarwatsewa kan mutane. Amma yana da nasa halin. Yana miƙewa da zafi fiye da gilashi nesa ba kusa ba: kimanin milimita 0.07 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Kwalba mai mita 4.7, tsakanin sanyin hunturu da zafin bazarar Landan, idan bambancin ya kai digiri 30, za ta motsa da kusan santimita ɗaya. Wanda ya ɗaure ta tam da ƙusa a kan ƙarfe ba tare da ya bar mata wurin motsi ba, tsagewa za ta yi daga ramin ƙusar. Ga kuma saurin karcewa. Ba a goge shi da busasshen tsumma, ba a kuma sa masa sinadarin wanke gilashi mai giya ko amoniya, domin yakan yi masa ƙananan tsage-tsage da ba sa gyaruwa. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da laushin ƙyalle su ne maganinsa, a filin da tattabaru da hayaƙin motoci ba sa hutawa.

Matsala ta biyu gumi ne. Rufaffiyar kwalba a fili tana ɗaukar zafi da rana, iskar ciki ta sha danshi daga katako da auduga, da dare bangon ya huce, danshin ya kwanta a jikinsa. Sakamakon biyu ne: mai kallo ba zai ga komai ba sai hazo, sannan fumfuna ta kama filafilai, tagulla ta yi kore, katako ya kumbura ya saki manne. Hanyar kauce wa wannan ita ce iska ta riƙa zagayawa a ciki ba tsayawa, ta ƙofofin da aka ɓoye daga idon mai kallo.

Ta uku ita ce rana, kuma ita ta fi jan hankali. Atamfar kasuwa idan ta kwana ta wuni a rana tsawon wata 20 za ta koɗe, ja da ruwan ɗorawa su fara tafiya, shuɗi ya saura. Ga shi kuma an zana adonta ne don jikin mutum, fure ɗaya kan kai faɗin tafin hannu biyu, wanda a kan ƙaramin filafili zai zama ɓarin zane mara ma'ana. Saboda haka ba daga turmin kasuwa aka yanko filafilan ba. An buga adon ne musamman a kan auduga da tawadar da ta fi jure haske. Ke nan abin da ke cikin kwalbar kwaikwayo ne na atamfa, wadda ita kanta kwaikwayon batik ce. Ga mai fasahar da duk aikinsa ke ƙalubalantar batun asali, wannan bai rage komai ba, ƙara wa hujjarsa ƙarfi ya yi.

Abin da aikin ke faɗa

Idan mutum ya tsaya a gaban dakalin ya ɗaga kai, Nelson na can sama a kan ginshiƙinsa, jirginsa kuma ga shi an mayar da shi abin wasa an toshe da murfi. Girman da filin ke ba yaƙin an rage shi zuwa abin da ake ajiyewa a kan kanta. Sannan abin da ke tura jirgin, wato filafilan, an ce da mai kallo ga shi: cinikin auduga, da yadi, da mutanen ƙasashen da aka mallaka.

Ba ƙirƙira ba ce cewa akwai baƙi a jirgin. Rajistar ma'aikatan Victory a ranar yaƙin, mutum sama da 800, ta nuna 'yan ƙasashe kimanin 20, har da mutanen Afirka da na tsibiran Karibiyan. A gindin ginshiƙin Nelson ma, a allon tagullar da ke nuna mutuwarsa, akwai baƙin matuƙi riƙe da bindiga. Yana nan tun ƙarni na 19, mutane na wucewa ba sa lura. Kuma a 1805 cinikin bayi halal ne a dokar Birtaniya, sai a 1807 aka haramta shi. Rundunar ruwan da ta kare hanyoyin wannan ciniki ita ce daga baya ta riƙa tare jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Tarihin a cakuɗe yake, kuma aikin bai yi ƙoƙarin tsefe shi ba.

Wannan salon ya daɗe a hannun Shonibare. A aikinsa na 2003 kan rabon Afirka, ya zaunar da mutum-mutumi 14 marasa kai a kewayen tebur mai taswirar nahiyar, sanye da kwat irin na Turawan ƙarni na 19 amma ɗinkin atamfa, yana nuni da taron Berlin na 1884 zuwa 1885. Sai dai jirgin ya bambanta da wannan ta wata fuska da ta dace masu fasaha a ƙasashen Musulmi su lura da ita: ba a kan siffar mai rai aka gina shi ba. Da jirgi da ƙyalle da kwalba kawai aka yi maganar mulki da ciniki da ƙaura.

Inda ya gaza

Babban sukan da aka yi wa aikin shi ne ya cika kyau da daɗin kallo. Yara na son sa, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto, kuma Magajin Gari na lokacin, Boris Johnson, shi ya buɗe shi cikin raha. Mutum na iya kallonsa ya tafi da fahimtar cewa biki ne na Landan mai tarin ƙabilu, ba tare da ya ji ɗacin komai ba. Shonibare da kansa ya bayyana shi a matsayin murnar wannan cakuɗuwa, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana amfani da kyau don jawo mutane kusa ba. Haka ya yi da lambar MBE da masarautar Birtaniya ta ba shi, wadda sunanta ke ɗauke da kalmar daula: ya karɓa, ya liƙa ta a sunansa na aiki, daga baya ta zama CBE, lambar da ta fi ta daraja, a 2019. Wasu na ganin wayo ne na shiga gida a yi magana daga ciki, wasu na ganin gidan ne ya haɗiye shi.

Sukan na da tushe. Duk nauyin ma'anar aikin ya rataya ne a kan sanin tarihin atamfa, kuma mafi yawan masu wucewa ta filin ba su san shi ba. Wanda bai sani ba zai ga “yadin Afirka” ne kawai, wato ainihin kuskuren da aikin ya zo gyarawa. Akwai kuma abin da kwalbar ba ta iya ɗauka: wa ya ci ribar? Cewa al'adu sun gauraya gaskiya ne, amma gaurayar ba ta raba kuɗi daidai ba. Matar da ta raɗa wa zane suna a kasuwar Kumasi ba ita ke da haƙƙin mallakarsa ba, kamfanin Helmond ne. Ma'aikacin masaƙar Kaduna da ya rasa aikinsa ba zai ga labarinsa a filafilan ba.

Duk da haka, a auna shi da abin da zai yiwu a wannan wuri. Aikin da ya fito da zargi ƙarara da wuya ya tsallake kwamiti, kuma ko ya tsallake, waɗanda suka riga suka yarda ne kawai za su tsaya. Wannan kuwa ya zauna wata 20 a gaban Napier da Havelock, ya sa jaridu da malaman makaranta suka yi ta bayanin Java da Helmond da Elmina ga mutanen da ba su taɓa jin sunayen ba. Shekara goma kafin masu zanga-zanga su tumɓuke mutum-mutumin dillalin bayi Edward Colston a Bristol a 2020, an riga an nuna wata hanyar ta daban, ta ajiye sabon abu kusa da tsohon don ya canza yadda ake karanta shi.

Bayan an sauke shi

A Janairun 2012 wa'adinsa ya cika. Da yake ayyukan dakalin ba mallakar birnin ba ne, akwai yiwuwar wani attajiri ya saye shi ya fitar da shi daga ƙasar. Ƙungiyar Art Fund, mai taimaka wa gidajen tarihi su sayi ayyukan fasaha, ta buɗe gidauniya, jama'a suka tara fiye da fam dubu 260, aka haɗa da gudummawar ƙungiyar da ta wasu, aka saye shi don gidan tarihin harkokin teku na ƙasa da ke Greenwich. Tun 2012 yana can a waje, a ƙofar da ke fuskantar lambun Greenwich, kuma kula da shi ya zama aikin dindindin, tun da an tsara shi ne don zaman ƙasa da shekara biyu.

Sauyin wurin ya rage masa wani abu. A Greenwich babu Nelson a sama, babu janar-janar na Indiya a gefe, sai ya zama ɗaya daga cikin samfuran jirage masu yawa da gidan ke da su, ko da yake shi ne baƙo ke fara cin karo da shi kafin ya shiga ɗakunan da ke ba da labarin cinikin Atlantika da Kamfanin Gabashin Indiya.

Filafilan kuma sun haifi wani jerin ayyuka. Shonibare ya cire jirgin da kwalbar, ya bar ƙyallen kaɗai yana kaɗawa, ya ƙera shi da ƙarfe da robar fiba mai tsayin kimanin mita 6, aka zana adon atamfar da fenti da hannu, abin da ya kawar da matsalar gumi da fumfuna gaba ɗaya. An kafa ɗaya a gaban gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington a 2016, an kuma nuna wani a lambun Ndubuisi Kanu da ke Ikeja a Legas.